Inda haraji ke ɓuya: yadda ake auna tsadar rayuwa tsakanin jihohin Amurka

Masu shirin ƙaura daga wata jiha zuwa wata a Amurka suna da magana ɗaya da ba ta barin bakinsu: "Ai can ba a biyan haraji." Tekzas suke nufi, ko Fulorida, ko Tennessee. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta aka faɗa. Jihohi tara ne ba sa taɓa albashin ma'aikaci: Alaska, Fulorida, Nevada, New Hampshire, South Dakota, Tennessee, Tekzas, Washinton da Wyoming. To amma kowaccensu tana da makarantu da hanyoyi da 'yan sanda da gidajen yari, kuma ba da fatan alheri ake biyan waɗannan ba. Alaska da Wyoming sun jingina da abin da ake haƙowa a ƙarƙashin ƙasa. Nevada tana tatsar gidajen caca da baƙi, Fulorida tana cin moriyar masu yawon buɗe ido. Abin da ya rage kuwa, wanda aka ɗaga wa mutum ƙafa a kansa a albashi, ana tare shi a karɓa a kan gidansa ko a bakin kanti.

Kafin a shiga bambance-bambancen, a ware abin da ba ya canzawa. Harajin gwamnatin tarayya iri ɗaya ne ko'ina, haka ma kashi 7.65 cikin ɗari da ake cire wa ma'aikaci don asusun fansho na ƙasa da kiwon lafiyar tsofaffi. Matakan harajin tarayya ba ruwansu da tsadar gari. Wanda aka ƙara wa albashi don yana zaune a San Francisco zai biya tarayya fiye da takwaransa na Memphis, ko da ƙarin nan kacokan a haya yake ƙarewa.

Harajin albashi, da ruɗin adadi mafi girma

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki adadi mafi girma na jiha a ɗora wa kai. Ana cewa Kalifoniya na karɓar kashi 13.3, kuma haka ne, amma sai ga wanda kuɗin shigarsa ya haura dala miliyan ɗaya a shekara, kuma a kan abin da ya haura ɗin kawai. Tsarin nata hawa-hawa ne, daga kashi 1 yake farawa. Miji da mata da ke samun dala 100,000 a shekara, idan suka cike takardar haraji tare, abin da jihar za ta karɓa a hannunsu bai kai dala 3,000 ba. Su ɗin dai, da a Pennsylvania suke, inda kowa ke biyan kashi 3.07 ba tare da la'akari da girman albashi ba, da sun biya 3,070. A Illinois, mai kashi 4.95, sun doshi 4,700. Wato jihar da ta yi ƙaurin suna wajen haraji ta fi waɗannan biyun sauƙi ga mai matsakaicin samu. Gaskiya akwai wani kashi ɗaya da 'yan kai da Kalifoniya ke cirewa daga albashi don inshorar rashin lafiya da hutun haihuwa, kuma ya kamata a sa shi a lissafi, domin da shi Kalifoniya tana ɗan zarce Pennsylvania, kodayake ba ta kai Illinois ba. Wanda tsarin Kalifoniya ke yi wa ciwo na gaske shi ne likita, ko injiniyan kamfanin fasaha, ko mai sayar da hannun jari, domin jihar tana ɗaukar ribar hannun jari tamkar albashi.

Ga kuma harajin da ba a gani a taswirar jihohi. Birnin New York yana da nasa harajin albashi, wanda ke kaiwa kashi 3.876, a kan na jiha. Philadelphia na cire kusan kashi 3.75 daga albashin mazaunanta, ya fi na jihar Pennsylvania ɗin kanta. Kowace gunduma a Maryland tana da nata kaso, birane da yawa a Ohio ma haka. Mutum biyu masu albashi ɗaya a jiha ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti ashirin a mota, sai ka ga abin da ke shiga aljihunsu ya bambanta da dubban daloli.

Gida shi ne giwar lissafin

Idan aka jera dukkan abubuwan da ke raba jihohi, gida kaɗai ya rinjayi sauran a haɗe. Farashin madara da waya da takalmi ba ya yin wani nisa tsakanin jiha da jiha. Gida kuwa yana ninkawa har sau huɗu ko biyar. Matsakaicin gida a faɗin ƙasar ya ɗan haura dala 400,000 a 'yan shekarun nan. A Kalifoniya da Hawayi ana maganar ninkin haka ko fiye, a West Virginia da Misisifi kuwa ana samun gida mai kyau da ƙasa da rabin wannan kuɗi.

A ɗauki misali don a ga nauyin abin. Iyali ɗaya, gida iri ɗaya mai ɗakin kwana uku, a wani gari dala 400,000, a wani 800,000. Sun biya kashi 20 a hannu, sauran bashin banki ne na shekara 30 da kuɗin ruwa kashi 7. A garin farko bashin 320,000 ne, biyan wata kusan dala 2,130. A na biyu bashin 640,000 ne, biyan wata kusan 4,260. Tazarar ta haura dala 25,000 a shekara. Ka tuna harajin albashin da ake ta hayaniya a kansa bai kai 5,000 ba ga irin wannan iyali. Wasu masu barin Kalifoniya suna cewa haraji ya kore su, amma idan aka buɗe takardunsu, sau da yawa kuɗin gida ne.

Kuɗin ruwa ma yana da nasa tarko. A 2021 an samu bashin gida ƙasa da kashi 3, kafin ƙarshen 2023 ya kusa taɓa kashi 8. Bashin dala 400,000 a kashi 3 yana cin kusan 1,690 a wata, a kashi 7 kuwa kusan 2,660. Wanda ke riƙe da tsohon bashi mai arha, idan ya sayar ya koma jiha mai sauƙi, ba zai tafi da wannan arhar ba, sabon bashi zai ci da farashin yau. Sau da yawa gidan da ya fi araha da kashi ɗaya bisa uku yakan zo da biyan wata daidai da na gidan da aka baro. A ƙara da la'adar dillalai, wadda a al'ada take kaiwa kashi 5 zuwa 6 na kuɗin gida, da harajin sauya mallaka da wasu jihohi ke karɓa. Delaware da Pennsylvania suna da tsada a nan, Tekzas ba ta karɓa.

Harajin gida

Wannan shi ne wurin da ake yawan tuntuɓe, don haka ya cancanci a daɗe a kansa. Harajin gida ba jiha ce ke yanka shi ba, ƙananan hukumomi ne: gunduma, da birni, da hukumar makarantu, wani lokaci har da hukumar asibiti ko ta ruwa, kowa ya ɗora nasa. Kason makarantu ne yakan fi girma. A New Jersey da Illinois abin yana kaiwa kashi 2 na darajar gida ko fiye a kowace shekara. A Hawayi bai kai rabin kashi ɗaya ba. Tekzas tana cikin masu tsada, kuma a sababbin unguwannin bayan garin Houston da Dallas akwai wasu hukumomi na musamman da ake kafawa don biyan bashin shimfiɗa bututun ruwa da magudanai, waɗanda ke iya tura jimillar ta haura kashi 3. Gidan dala 400,000 a irin wannan unguwa yana iya jawo harajin da ya zarce 10,000 a shekara. Kuma akwai bambanci na asali tsakaninsa da harajin albashi: idan aiki ya ƙare, harajin albashi ya tsaya, na gida kuwa yana nan daram, takardarsa za ta zo ko akwai aiki ko babu.

Adadin kashin ma bai isa ba, sai an san darajar da ake ɗora shi a kai. A Kalifoniya, tun dokar da masu jefa ƙuri'a suka amince da ita a 1978, wadda aka sani da lamba 13, harajin asali kashi 1 ne na kuɗin da aka sayi gidan, kuma darajar da hukuma ke lissafi da ita ba ta ƙaruwa fiye da kashi 2 a shekara sai an sayar. Ga abin da hakan ke haifarwa a kan layi ɗaya. Wata dattijuwa ta sayi gidanta dala 200,000 a 1995. Bayan shekara 30 darajarsa a littafin hukuma ba ta wuce 362,000 ba, harajinta kusan 3,600. Gidan da ke jikin katangarta, gini ɗaya, an sayar da shi bana dala miliyan ɗaya, sabon mai shi zai biya 10,000 da ɗoriya. Shi ya sa matsakaicin harajin gida na Kalifoniya da ake bugawa yake da ruɗi, tsofaffin masu gida ne suka ja shi ƙasa, baƙo ba zai same shi ba.

Fulorida ma tana da irin wannan kariya: gidan da mutum ke zaune a ciki ba a ƙara masa daraja fiye da kashi 3 a shekara, kuma ana yafe haraji a kan wani yanki na darajar. A Tekzas iyakar kashi 10 ce, kuma a 2023 aka ɗaga abin da ake yafewa daga harajin makarantu zuwa dala 100,000. Wannan rangwame ba ya zuwa da kansa, sai mai gida ya cike takarda ya nema, kuma ba ya shafar gidan haya ko gida na biyu. Mai haya ma kada ya ɗauka ya tsira, mai gidan ya riga ya zuba harajin a cikin kuɗin haya, kuma ba tare da rangwamen ba.

Yadda abin ke ɓaci kuwa kusan kullum salo ɗaya ne. Mai saye ya ga harajin bara a tallar gidan, ya yi lissafi da shi. Banki ma ya kafa asusun da ake tara kuɗin haraji da inshora wata-wata bisa wannan tsohon adadi. Shekara ta zagayo, hukuma ta sake yi wa gidan kuɗi bisa sabon farashi, harajin ya ninka. Sai banki ya aiko da wasiƙa cewa asusun ya yi giɓi, ya ƙara biyan wata don cike giɓin bara da kuma tanadin baɗi a lokaci guda. A sabon gini abin ya fi muni, domin harajin shekarar farko sau da yawa na fili ne kawai, kafin a ɗora bulo. Maganin ba wuya: a shiga shafin ofishin tantance darajar kadarori na gundumar, a ɗauki jimillar kason wannan adireshin, a ninka da farashin da za a biya, ba da tsohuwar daraja ba.

Inshora, harajin da ba gwamnati ke karɓa ba

Shekaru goma baya ana iya tsallake wannan, yanzu ba hali. Banki ba ya ba da bashin gida sai da inshora, don haka wajibi ce kamar haraji. A Fulorida da Louisiana guguwar teku ta sa kuɗinta ya ninka na sauran ƙasa, kamfanoni da dama sun durƙushe ko sun tattara sun bar jihar, mutane suka koma ga kamfanin da jihar ta kafa don waɗanda aka ƙi karɓa. A Oklahoma da Nebraska da arewacin Tekzas ƙanƙara da guguwa ne ke cin rufi. A Kalifoniya gobarar daji ce. Iyalin da suka tsira da dala 4,000 na harajin albashi ta hanyar komawa gaɓar teku a Fulorida, inshora kaɗai na iya haɗiye kuɗin nan.

Abu biyu ake mantawa. Na farko, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar ambaliya, wannan takarda ce daban, galibi ta wani shirin gwamnatin tarayya. Na biyu, a yankunan guguwa abin da mai gida zai fara biya daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu ba tsayayyen kuɗi ba ne, kaso ne na darajar gidan, kashi 2 ko 5. Gidan da aka yi wa inshorar 400,000, kashi 2 na nufin dala 8,000 na farko a kanka suke. Masu sayen ɗaki a dogayen benaye na Fulorida suna da ƙarin damuwa: bayan rushewar benen Surfside a 2021, inda mutum 98 suka mutu, doka ta tilasta binciken tsofaffin gine-gine da tara kuɗin gyara, sai ƙungiyoyin masu gidaje suka shiga yanka wa mambobinsu kuɗi mai nauyi. Ɗakin da ya yi arha fiye da kima, a nemi takardun ƙungiyar kafin a yi murna.

Harajin saye da sauran ƙananan ɓaraka

Jihohi biyar ba su da harajin saye na jiha: Oregon, Montana, New Hampshire, Delaware da Alaska, kodayake garuruwan Alaska suna iya sa nasu. A Tekzas na jiha kashi 6.25 ne, da na gari ya kai 8.25. A Tennessee idan aka haɗa ya haura 9, a Seattle ya wuce 10. Tennessee har kayan abinci take ɗora wa haraji, abin da Tekzas da Kalifoniya ba sa yi. Nauyin wannan haraji ba daidai yake sauka ba. Mai samun dala 40,000 yana kashe kusan duk abin da ya samu, mai samun 400,000 yana ajiye kaso mai yawa inda harajin saye ba ya kaiwa. Don haka jihar da ba ta taɓa albashi amma ta tsananta a kanti, aljanna ce ga mai babban samu, ga lebura kuwa sau da yawa ta fi jihar da ya baro tsada.

Sauran a taƙaice. Virginia da Missouri da Connecticut suna karɓar haraji a kan darajar mota duk shekara. Man fetur ya fi tsada a Kalifoniya saboda haraji da ƙa'idojin tace mai na jihar. Wutar lantarki a Hawayi ta ninka matsakaicin ƙasa fiye da sau biyu, sai dai farashin ma'auni ɗaya ba shi ne kuɗin wata ba: gidan da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki wata shida a Houston ko Phoenix yana iya biyan fiye da gidan San Diego mai wuta mai tsada. A garin da babu jirgin ƙasa ko bas, iyali sai sun riƙe mota biyu, kuma mota ta biyu da inshorarta da manta tana cinye kaso mai tsoka na abin da aka rage a haya.

Albashi da ma'aunin tsada

Arha ba ta da amfani idan samu ya faɗi fiye da ita. Ma'aikatar kasuwanci ta Amurka tana fitar da ma'auni duk shekara wanda ke ɗaukar matsakaicin farashin ƙasa a matsayin 100. Kalifoniya tana wajen 112, Misisifi da Arkansas wajen 87. Amfani da shi sauƙi ne: a raba albashi da ma'aunin, sannan a ninka da 100. Dala 100,000 a Kalifoniya daidai take da kusan 89,000, dala 80,000 a Misisifi kuwa kusan 92,000. A takarda, mai ƙaramin albashin ya ci riba.

Amma ma'aunin na jiha ne gaba ɗaya, kuma ba wanda ke zaune a jiha gaba ɗaya. Jihar New York ta haɗa Manhattan da Buffalo, Kalifoniya ta haɗa San Jose da Bakersfield, Tekzas ta haɗa Austin da El Paso. Tazarar da ke tsakanin garuruwan jiha ɗaya takan fi wadda ke tsakanin jihohi biyu. Sannan akwai kuɗaɗen da ba sa raguwa don an koma gari mai arha: bashin karatu, bashin mota, tikitin jirgi, kuɗin da ake aika wa iyaye. Wanda waɗannan suka yi wa yawa, babban albashi a gari mai tsada ya fi masa. Haka ma ajiya: kashi 10 na 100,000 ya fi kashi 10 na 80,000, kuma fanshon tarayya da albashin da aka karɓa ake lissafa shi, ba da tsadar gari ba. Ga mai ƙaramin aiki kuwa, mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, shi ake bi a Tekzas da Tennessee, alhali a Washinton da Kalifoniya ya haura 16.

Akwai kuma rangwamen da tarayya ke yi wa wanda ya biya harajin jiha da na gida. Dokar 2017 ta taƙaita shi a dala 10,000, ta 2025 ta ɗaga iyakar zuwa 40,000 na 'yan shekaru, tana raguwa ga masu samun sama da 500,000. Wannan ya ɗan sassauta wa masu gida a New Jersey da New York, amma kusan tara cikin goma na masu biyan haraji ba sa amfani da shi, rangwamen bai-ɗaya da ake yi wa kowa suke ɗauka a madadinsa.

Zama a nan, aiki a can

Ƙa'idar ita ce, jihar da aka yi aikin a cikinta tana da haƙƙi a kan albashin, jihar da ake zaune ma tana da haƙƙi, sai ta biyun ta rage abin da aka biya ta farko. Mazaunin Vancouver ta jihar Washinton da ke tsallaka kogin Columbia yana aiki a Portland zai biya Oregon harajin albashi cif, kuma na Oregon yana da zafi, yawancin albashin matsakaicin ma'aikaci a matakin kashi 8.75 yake faɗawa. Dabarar sayen mota a Oregon don kauce wa harajin saye ma ba ta ci, ranar yin rajista a Washinton za a karɓa. Wasu jihohin sun yi yarjejeniya a tsakaninsu, kamar New Jersey da Pennsylvania, inda mutum ke biyan jihar da yake kwana kawai.

Masu aiki daga gida ta intanet su suka fi shiga ruɗani. New York tana da ƙa'idar cewa idan ofishinka a can yake, kuma don jin daɗinka kake aiki daga wani wuri ba don kamfani ya tilasta ba, albashin nata ne ko da a Miami kake zaune. Wanda kuma ya ce ya ƙaura amma ya bar gida a New York ya kuma shafe fiye da kwana 183 a jihar, mazauninta ne a idon doka. Masu bincikenta suna duba bayanan waya, da katin banki, da inda yara ke makaranta, da likitan da ake zuwa. Sauya lasin tuƙi kaɗai ba ya gamsar da su.

Ga wanda ya yi ritaya, taswirar takan juye. Illinois da Pennsylvania da Misisifi ba sa karɓar haraji a kan kuɗin fansho, don haka tsoho a Pennsylvania ba shi da abin da zai tsira da shi na harajin albashi idan ya koma Fulorida, sai dai ya tarar da inshora tana jiransa. Abin da ya kamata ya duba shi ne harajin gida, da rangwamen da ake yi wa masu shekara 65, da harajin gado. Oregon tana fara karɓa daga dukiyar da ta haura dala miliyan ɗaya, adadin da gida ɗaya a Portland da asusun ritaya ke iya kaiwa, Massachusetts daga miliyan biyu. Pennsylvania kuwa magada take bi: mata ko miji ba sa biyan komai, 'ya'ya kashi 4.5, 'yan'uwan da aka haɗa uwa ko uba kashi 12, sauran dangi da wanda ba dangi ba kashi 15.